Toshe Magudana: Yadda Wasu Magunguna Ke Kwantar Da Tarzomar Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai farfaɗiya lokacin da ciwon ya kayar da shi a tsakiyar kasuwa ko a bakin tasha, zai iya shaida irin ruɗanin da kan biyo baya. Wasu su dare, suna gargaɗin kada kowa ya taka yawunsa. Wasu su nemo cokali su yi ta ƙoƙarin cusa masa a baki. Wani dattijo ya matso ya kama tofi. Can gefe kuma wata ta ce ai mutanen ɓoye ne suka taɓa shi. Bayan minti biyu ko uku sai jikin ya saki, bawan Allah ya farfaɗo cikin kunya da gajiya, ya kakkaɓe rigarsa, jama'a su watse. Da wuya ka ji wani daga cikin 'yan kallon nan, har da mu da muka zauna a aji muka karɓi takardun shaida, ya tambayi abin da ya faru a cikin kan mutumin a waɗannan 'yan mintoci.

Wannan tambayar nake son mu tsaya a kanta yau, domin amsarta ta zarce batun farfaɗiya. Ita ce za ta buɗe mana ƙofar fahimtar wani rukunin magunguna da suka daɗe da shigowa gidajenmu ba tare da mun san yadda suke aiki ba: maganin da likita ke rubuta wa ma'aikacin da fargaba ta hana barci, da wanda ake bai wa mai ciwon suga da tafin ƙafa ke yi wa zugi cikin dare, da kuma ƙwayar nan da ta addabi samarinmu, wato tiramadol. Dabara guda dukkansu suke bi, ita ce hana ƙwaƙwalwa kwashe sinadarin da ita da kanta ta zubar. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi tun daga nan shi ne, wannan dabara ɗaya tana iya kwantar da tarzoma a kan wani, ta kuma tayar da ita a kan wani.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa masu karɓar saƙo da kuma doguwar igiya guda mai fitar da shi, kuma a cikin igiyar nan saƙon yana tafiya ne a matsayin ɗan tartsatsin lantarki. An daɗe ana ɗauka cewa waɗannan igiyoyi a haɗe suke tamkar koma, har sai da wani likita ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1906. Tsakanin ƙarshen igiyar wannan ƙwaya da reshen waccan akwai 'yar tazara, wadda Bature ɗan Ingila Charles Sherrington ya raɗa wa suna a 1897, mu kuma za mu kira ta mahaɗa. Faɗinta kimanin kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ne, amma duk da ƙanƙantarta, a galibin mahaɗun ƙwaƙwalwa lantarki ba ya tsallake ta.

To, ta yaya saƙo ke hayewa? Otto Loewi, masani a jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya, shi ya warware wannan a 1921, kuma kamar yadda ya ba da labari da bakinsa, cikin barci dabarar ta zo masa. Ya ɗauki zuciyar kwaɗi biyu ya sa kowace a cikin ruwan gishiri. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, bugunta ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda bai taɓa jijiyarta ba, ita ma nan take bugunta ya ragu. Ke nan jijiyar ta zubar da wani abu a cikin ruwan, kuma wannan abu shi ne ke ɗauke da umarnin. Daga baya aka gane sinadarin asitilkolin ne. Haka lamarin yake a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa: idan tartsatsi ya iso ƙarshen igiya, sai ƙwayar ta fesa wani sinadari cikin mahaɗa, ya haye ya ƙwanƙwasa ƙofofin karɓa da ke jikin maƙwabciyarta. Waɗannan sinadarai su ne 'yan aiken ƙwaƙwalwa.

Sai dai aika saƙo rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne yin shiru bayan an isar da shi. Ɗan aiken da ya faɗi saƙonsa ya ƙi barin zaure, ya ci gaba da maimaitawa, ba zai bari a ji na bayansa ba. Game da asitilkolin, jiki ya tanadi wani sinadarin da ke ragargaza shi cikin ƙiftawar ido. Mai karatu zai fi gane muhimmancin wannan idan ya tuna abin da ke samun wanda ya sha maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya: gubar tana kashe mai ragargazawar ne, sai asitilkolin ya taru, yawu ya yi ta dalala, tsokoki su yi ta karkarwa, jijjiga ta biyo baya, numfashi ya sarƙe. Ɗan aiken da ya ƙi tashi ke nan.

Shekara da shekaru masana na zaton kowane ɗan aike haka ake gamawa da shi, wato a ragargaza shi. Wanda ya sauya wannan tunani shi ne Julius Axelrod, Ba'amurken da makarantun koyon likitanci suka ƙi ɗauka, ya yi shekaru yana ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji, ya rasa idonsa na hagu a fashewar wata kwalba, bai kuma samu digirin digirgir ba sai a 1955 yana da shekara arba'in da 'yan kai. A wajajen 1960 da 1961, shi da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ke Bethesda suka yi wa sinadarin noradirenalin alama da za a iya bin sawunsa, suka yi wa kyanwoyi allurarsa. Sai suka tarar da shi a tare cikin ƙarshen jijiyoyi, lafiya lau, ba a ragargaza shi ba. A gefen da aka riga aka lalata jijiyar kuwa, babu shi. Ashe ƙwayar da ta fesa sinadarin ita ce ke sake janye shi, ta adana don amfanin gaba. Suka kuma gano cewa hodar iblis da wani maganin ciwon damuwa mai suna imifiramin duk suna hana wannan janyewa. Axelrod ya samu Nobel a 1970 tare da Bernard Katz da Ulf von Euler.

Masu aikin janyewar wasu 'yan injina ne na furotin da ke dashe a fatar ƙwayar jijiya da ta ƙwayoyin da ke yi mata hidima. Bari mu kira su 'yan dako. Kowane ɗan aike da nasa ɗan dakon, wanda ke kama shi daga mahaɗa ya shigar da shi ciki tare da gishirin sodiyam. Maganin da ya danne ɗan dako bai ƙara ko ɗigo a kan abin da ƙwaƙwalwa ta fesa ba. Manomin rani ya san wannan dabara sarai: idan yana son fangali ya jiƙu, ba dole sai ya ƙaro ruwa ba, toshe magudana kawai zai yi, ruwan da ya shigo ya daɗe a kwance. Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce, wane ruwa ne aka tare?

A nan ne ya kamata mu san manyan 'yan aike biyu. Na farko shi ne gulutamet, mai zuga ƙwayoyin jijiya su yi harbi. Na biyu shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da GABA, wanda Eugene Roberts da Sam Frankel suka ba da rahoton samunsa a ƙwaƙwalwa a 1950, aka kuma tabbatar a shekarun 1960 cewa aikinsa shi ne hana harbi. Bahaushe zai yi murmushi da jin sunan, domin a harshenmu gaba ita ce ƙiyayya, alhali wannan sinadari shi ne babban mai raba faɗa a cikin kanmu. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa da shi suke magana. Suna nan a warwatse tsakanin masu zuga, duk inda hayaniya ta fara tashi sai su yayyafa mata ruwa. Tunani da motsi da magana duka suna gudana ne a kan wannan ma'auni na zuga da hani.

Farfaɗiya ita ce karyewar wannan ma'auni. Tun kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), littafin da ake jingina wa likitan Girka Hippocrates ya yi jayayya cewa daga ƙwaƙwalwa ciwon yake, haka kuma Ibn Sina ya sanya shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa a littafinsa Al-Ƙanun. A 1873 likitan Ingila John Hughlings Jackson ya bayyana shi da cewa harbi ne na ba-zata, mai wuce kima, daga wani yanki na ƙwaƙwalwa, kuma na'urar auna lantarkin kai da Bajamushe Hans Berger ya gabatar a 1929 ta zo ta gaskata shi. Dubban ƙwayoyin da ya kamata kowace ta yi maganarta a lokacinta, sai su haɗa baki su yi kururuwa tare, kururuwar ta bazu. Cewa ƙarancin mai raba faɗa na iya jawo haka ba hasashe ba ne. Jiki na buƙatar bitamin B6 don ƙera GABA, kuma a farkon shekarun 1950 an samu jarirai a Amurka suna jijjiga saboda madarar gwangwanin da aka lalata mata wannan bitamin wajen sarrafawa. Haka nan wanda ya sha maganin tarin fuka isoniyazid fiye da kima yakan yi mummunar jijjiga, kuma da allurar B6 ake ceto shi.

Idan haka ne, hankali zai ba da cewa a ƙarfafa wa GABA. Hanya uku aka bi. Ta farko ita ce a ƙara wa ƙofofin karɓarsa saurin amsawa, abin da finobabiton ke yi tun 1912, da kuma diyazifam da ya fito kasuwa a 1963 da sunan Valium. Ta biyu ita ce a hana rugujewarsa a cikin ƙwaya, aikin maganin bigabatirin, wanda daga baya aka gano yana iya ƙuntata fagen ganin mai shansa. Ta uku ita ce tamu ta yau: a danne ɗan dakonsa.

A 1975 Povl Krogsgaard-Larsen ɗan ƙasar Denmak da Graham Johnston ɗan Ostireliya suka nuna cewa wani sinadari mai suna nifekotik yana hana janye GABA. Matsalar ita ce ba ya iya tsallake shingen da Allah Ya gina tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka shan sa aikin banza ne. Sai da masana kimiyyar kamfanin Novo Nordisk suka ɗaura masa wata jela mai son maiƙo, wadda ke ja shi ya ratsa shingen, sannan aka samu magani. Shi ne tiyagabin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 da sunan Gabitril, a matsayin ƙari kan wasu magunguna ga masu farfaɗiyar da ke farawa daga yanki guda na ƙwaƙwalwa, 'yan shekara 12 zuwa sama. A 1990 aka gano ƙwayar gadon ɗan dakon da yake dannewa, wanda ake kira GAT-1, a 2022 kuma masana suka iya ɗaukar hoton siffarsa da maganin maƙale a jikinsa, ya hana shi juyawa.

Abin da ya burge masana a wannan dabara shi ne ladabinta. Maganin da ke ƙwanƙwasa ƙofofin karɓa da kansa yana yin haka ne a ko'ina, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Mai danne ɗan dako kuwa yana aiki ne da abin da ƙwaƙwalwa ta fesa, saboda haka tasirinsa ya fi ƙarfi a inda ƙwayoyin hani suka fi faman aiki, wato daidai inda hayaniya ke tashi. Hanin da zai ɗauki ɗan lokaci kaɗan sai ya tsawaita, har ya malala zuwa ƙofofin da ke wajen mahaɗa, kururuwar ta rasa hanyar bazuwa.

A takarda ke nan. A jikin mutum lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a nan nake ganin darasin da ya fi amfani. Tiyagabin yana sa jiri da kasala da rawar hannu da ruɗewa. Yana kuma iya ta'azzara wani nau'in farfaɗiyar yara wanda yaro kan ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba, domin a wannan nau'in, yawan hani a wata cibiya da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa shi ke sa ƙwayoyi su kama kaɗawa tare. Kai, a 2005 sai da hukumar ta Amurka ta fitar da gargaɗi, bayan an samu mutanen da ba su taɓa farfaɗiya ba suna jijjiga, saboda likitoci sun rubuta masu tiyagabin don wasu larurorin ƙwaƙwalwa da ba a amince a yi amfani da shi a kansu ba. Maganin farfaɗiya ya haifar da farfaɗiya. A ɗaya ɓangaren kuma, masana a Japan sun nuna a 1997 cewa ɓerayen da aka cire wa babban ɗan dakon gulutamet suna mutuwa da jijjiga. Toshe magudanar mai zuga halaka ce, toshe ta mai hani kuma sai da awo.

Rukunin da ya fi shahara cikin masu wannan dabara ba na farfaɗiya ba ne. A 1957 likitan Suwizalan Roland Kuhn ya ba da rahoton cewa imifiramin yana ɗaga masu ciwon damuwa, tun kafin kowa ya san dalili. Bayan aikin Axelrod, aka shiga neman maganin da zai danne ɗan dakon sirotonin shi kaɗai. Na farko da ya fito, zimelidin na ƙasar Suwidin, an janye shi a 1983 bayan an alaƙanta shi da wata cutar shanyewar jijiyoyi. Sai fuloksetin na kamfanin Eli Lilly, wanda aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 1987 da sunan Prozac, ya mamaye duniya. A yau shi da danginsa irin su satiralin da esitalofiram su ne likitoci ke fara rubutawa ga mai ciwon damuwa, da mai fargabar da ba ta da dalili, da mai firgita kwatsam, da mai waswasin da ke tilasta masa maimaita abu guda, kamar wanke hannu sau talatin.

Ga wani abin ɗaure kai. Cikin 'yan sa'o'i da haɗiye ƙwayar farko an riga an danne ɗan dakon, amma marar lafiya sai ya yi mako biyu zuwa shida kafin ya ji sauƙi, wani ma a makon farko fargabar ƙaruwa take yi. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka bayar shi ne, ƙwayoyin da ke fesa sirotonin suna da kunnuwan sauraren kansu. Da suka ji sinadarin ya taru sai su rage fesawa, kuma sai waɗannan kunnuwa sun dakushe a hankali sannan tasirin maganin ke fitowa sosai. Wani bayanin ya fito ne daga aikin Catherine Harmer da abokan aikinta a jami'ar Oksfod, waɗanda suka nuna cewa bayan mako guda da shan irin wannan magani, amigdala, wani ɗan curi a can cikin ƙwaƙwalwa mai buga ƙararrawar haɗari, yakan rage zabura idan an nuna wa mutum fuskar mai tsoro. Ƙararrawar ta lafa da wuri, amma mutumin da ya shekara yana tsammanin sharri daga kowace fuska yana buƙatar kwanaki na mu'amala da jama'a kafin ya yarda duniya ta sauya. Ni dai wannan bayani ya fi kwanta mini, kuma yana nuna dalilin da ya sa haɗa magani da zaman tattaunawa da ƙwararre kan fi amfani ga mutane da yawa.

A nan dole in yi tsokaci kan wata magana da ta yaɗu har a bakin wasu ma'aikatan lafiya, cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kawai, maganin kuma cike gurbi yake yi. Wani nazari da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka wallafa a 2022 ya tattara binciken shekaru bai samu tabbatacciyar hujjar hakan ba, ko da yake wasu masana sun soki hanyar da aka bi wajen nazarin. Amma kada a yi saurin cewa ai magungunan yaudara ce. A 2018 mujallar Lancet ta buga nazarin gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum sama da 116,000, aka samu dukkan magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, ko da yake ratar ba ta da faɗi ainun. Farasitamol na sauke ciwon kai, wannan bai sa mun ce ƙarancin farasitamol ke kawo ciwon kai ba.

Suna kuma da nasu farashin. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji yake, shi ya sa tashin zuciya da gudawa kan zo a farko. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini ma da irin wannan ɗan dako suke tara sirotonin, don haka haɗa maganin da asfirin ko dikulofenak na ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Raguwar sha'awar iyali ba baƙon abu ba ne, kuma a al'ummar da ba a faɗa wa likita irin wannan magana, da yawa sukan jefar da maganin shiru. Yankewa kwatsam kuwa na iya kawo jiri da rashin barci da jin kamar lantarki na fisgar kai, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da toshewar magudana. A hankali ake sauka, da sanin likita. Tun 2004 hukumar Amurka ta wajabta gargaɗi kan ƙaruwar tunanin kashe kai ga yara da matasa a makonnin farko, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da shekara 25.

Mai ciwon suga da aka rubuta wa amitiriftilin don zugin ƙafa kan yi mamaki, wani ma ya yi fushi, idan ya ji maganin masu damuwa ne. Likitan bai yi kuskure ba. Daga ƙwaƙwalwa akwai igiyoyin da ke saukowa cikin laka su fesa noradirenalin don danne saƙon zafi kafin ya hau sama. Jijiyar da suga ya lalata tana aika saƙon zafi ba tare da rauni ba, kuma tare noradirenalin a wurin na ƙarfafa mai dannewar.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar. Hodar iblis tana danne ɗan dakon dofamin da na noradirenalin da na sirotonin gaba ɗaya, cikin sauri da ƙarfi, sakamakon kuwa zabura ne da bugun zuciya da jijjiga. Bufirofiyon, maganin damuwa mai danne 'yan dakon dofamin da noradirenalin, an janye shi daga kasuwar Amurka a 1986 saboda jijjiga, bai dawo ba sai a 1989 bayan an rage yawan da ake sha. Sai tiramadol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya ƙera a 1962 ya kuma fitar kasuwa a 1977. Mutane sun san shi a matsayin ɗan uwan mofin, amma fuska biyu gare shi: ban da aikinsa irin na mofin, yana hana janye sirotonin da noradirenalin. Wannan fuska ta biyu tana cikin abin da ke bai wa lebura da ɗan acaɓa jin ƙarfi na ƙarya maimakon barci, kuma maganin ya yi ƙaurin suna wajen kayar da masu shansa da jijjiga. Iyakar abin da likita zai bari babban mutum ya sha a yini ita ce miligiram 400. Hukumar NAFDAC ta amince da mai 50 da mai 100 ne kawai, amma abin da hukumar NDLEA ta sha kamawa a tashoshin jiragen ruwa mai 225 ne. Ƙwaya biyu sun riga sun haura iyaka.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da gwamnatin Nijeriya a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da aka duba, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma dangin mofin na kantin magani suka sha ba bisa ƙa'ida ba, galibi tiramadol. Wani labari daga maƙwabtanmu ya isa ya nuna zurfin abin. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun gano tiramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, aka yi ta murna cewa bishiyar Afirka na ƙera maganin Bature. A 2014 wasu masana ƙarƙashin Michael Spiteller na Dortmund suka bi sawu, suka kammala cewa manoman yankin ne ke sha suna kuma ɗura wa shanun huɗarsu don su jure aiki, fitsarin mutane da na dabbobi ya jiƙa ƙasa, saiwoyi suka tsotsa.

Wannan na da ma'ana kai tsaye ga iyalanmu. Saurayin da ya fara faɗuwa yana ɗan shekara ashirin ba tare da tarihin ciwon ba, kafin a kai shi gidan mai ruƙiyya ko a ɗora shi kan maganin farfaɗiya na shekaru, ya kamata wani ya tambaye shi a keɓe abin da yake haɗiya. Wanda kuma likita ya ɗora kan fuloksetin ko amitiriftilin, ya je kantin magani ya sayi tiramadol don ciwon baya, ya toshe magudana guda da marfi biyu. Sirotonin na iya taruwa har ya kawo zazzaɓi mai tsanani da gumi da karkarwa da ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. Mai kantin ba zai tambaya ba, don haka mai shan maganin ne zai faɗa.

Masu farfaɗiyar gaske kuwa, matsalarsu a ƙasarmu ba rashin tiyagabin ba ce; ko a Turai da Amurka ba shi ake fara bayarwa ba, kuma ba ya cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta ƙiyasta masu ciwon a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa da sun samu maganin da ya dace, amma kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke ƙasashe matalauta ba sa samu. Abubuwan da ke jawo ciwon mun san su a Arewa: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin babur. Magungunan da ake buƙata tsofaffi ne masu araha, irin su finobabiton da kabamazifin da balfurowet, ko da yake na ƙarshen nan yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka ana kaffa-kaffa da shi ga mata masu shekarun haihuwa. A 2023 aka ƙara lebetirasitam a jerin. Nijeriya na cikin ƙasashen Majalisar Lafiya ta Duniya da ta amince a 2022 da shirin shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan jijiya, amma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri sun yi wa mutumin ƙauye nisa, kuma maganin da ake sha kullum ba ya amfani idan wata ɗaya akwai wata biyu babu. Ya kamata gwamnatocin jihohinmu su sa shi a ƙananan asibitocin karkara kamar yadda ake ajiye maganin tarin fuka.

Shi kuwa wanda ya faɗi a kasuwa, yawunsa ba ya yaɗa komai, kuma ba zai haɗiye harshensa ba. Cokalin nan haƙori kawai yake karyawa. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a tallafi kansa da wani abu mai laushi, kada a danne shi, idan jijjigar ta lafa a juya shi kan gefensa, a kuma duba agogo. In ta haura minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a garzaya da shi asibiti, inda za a yi masa allurar diyazifam ko wani ɗan uwansa.